Wankin jirgin ruwan shaƙatawa da kula da shi a ruwan Legas

Ruwan Legas ba iri ɗaya ba ne duk shekara, kuma mai ƙaramin jirgi, ko wanda maigida ya damƙa wa kula da nasa a Ikoyi ko Lekki, dole ya san da wanne yake fama a kowane wata. Da rani ruwan teku yana kutsowa ta mashigar Commodore Channel, gishiri ya yi yawa tun daga Apapa har Five Cowrie Creek. Da damina kogin Ogun da sauran rafuka su turo ruwan daɗi mai laka, da shara, da kainuwar nan da ta fara bayyana ta wajen Badagry a 1984 ta kuma zauna daram. Tsakanin lokutan biyu ruwan zartsi ne. Gishiri yana cin ƙarfe, yashi da laka suna cin famfon sanyaya inji, leda kuma tana toshe shi. Saboda haka duk wa'adin da littafin inji ya ba ka, ɗauke shi a matsayin iyaka ta ƙarshe, ka riƙa yin aikin kafin ya cika.

Bayanin nan na jirgin faiba ne mai tsawon mita 5 zuwa 8, mai inji rataye a baya, irin wanda ake zuwa Tarkwa Bay ko Ilashe da shi ranar Asabar.

Da zarar an dawo, inji ne farko

Ana ɗauraye cikin inji da ruwan daɗi tun yana da ɗumi, kafin gishirin ya bushe ya daskare a hanyoyin ruwa. Wanda ya bari sai gobe ya yi rabin aiki ne.

Idan an fitar da jirgin kan tirela, ana amfani da kunnuwan roba guda biyu da ake maƙala wa ƙafar inji, daidai kan ramukan da yake shan ruwa. Ka sauke inji ya tsaya tsaye, ka maƙala kunnuwan su rufe ramukan ruf, ka haɗa tiyo, ka buɗe ruwa. Sai ruwa ya fara tsartuwa ta gefen robar sannan ka tayar. Giya a firi, inji a silo, minti 10 zuwa 15. Kada ka ba shi wuta don jin daɗin ƙara: tiyon gida ba ya iya ciyar da famfon idan ya ɗau gudu, ga shi babu nauyin ruwa a kan farfela. In ka gama, kashe inji tukuna sannan ka rufe ruwa. Imfela, wato 'yar fankar roba da ke tura ruwan sanyaya, ruwa ne man shafawarta. 'Yan daƙiƙu kaɗan a bushe sun isa su ƙone mata fukafukai.

Sababbin injuna suna da wata mahaɗar tiyo a gefe. Da ita ake wanke na jirgin da ke kwana a ruwa: a ɗaga inji sama, a ɗaura tiyo, a saki ruwa kamar minti 15. A injunan Yamaha ba a tayar da inji yayin amfani da wannan mahaɗa, don ruwan ba ya isar imfela yadda ya kamata. Duba littafin naka, kuma kada ka manta mayar da murfinta ka ɗaure, in ba haka ba ruwan sanyaya ta nan zai zube a tafiya ta gaba.

Idonka ya kasance kan fitsarin inji, siririn ruwan da ke fitowa ta baya. In yana fita da ƙarfi, famfo lafiya lau. In ya yi rauni, kafin ka zargi imfela ka tura igiyar kamun kifi mai kauri cikin ramin, domin sau da yawa gishiri ne ko zanzaro ya yi gini a ciki. Kada ka sa waya ko ƙusa, za ka huda tiyon da ke baya.

Akwai kuma batun ruwan wankin kansa. Burtsatse da yawa a Lekki da Victoria Island ruwansu na da zartsi ko ƙarfe. Wanke jirgi da shi gishiri ne ka mayar, kuma farin jirgi zai riƙa yin rawaya-rawaya. Ɗanɗana, ko ka tara a farin bokiti ya kwana. In ya yi ja a ƙasa, nemi ruwan da aka tace.

Jikin jirgi

Fara da ɗauraya daga sama zuwa ƙasa, ruwa zalla, har yashin bakin teku ya fita tas. Soso a kan yashi samfefa ne. Bayan haka sabulun wankin jirgi ko na mota, murfi ɗaya ko biyu a bokitin lita 10, da soso mai laushi. Buroshi mai tauri na daɓen da ake takawa ne kawai. Omo da sabulun wanke-wanke suna fitar da datti, amma suna tafiya da kakin da ke kare jikin. A wanke gefe-gefe, a ɗauraye kafin kumfa ya bushe, da safe ko da yamma, ba da tsakar rana ba.

Fatar da ke saman faiba, jelkot, kaurinta kusan rabin milimita ne. Rana ce ke cinye ta. In ka shafa hannu ka ga farin gari a tafinka, ta fara mutuwa. Maganinta a goge da man gurza mai laushi, sannan a shafa kaki, a bari ya dushe, a goge da tsumma mai tsabta. A zafin Legas kaki ba ya wuce wata 3 zuwa 4. Gane ƙarewarsa ba wuya: watsa ruwa, in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa da sauransa, in ya shimfiɗe ya kwanta to ya tafi. Mai amfani da injin goge ya yi hattara da kusurwoyi, nan jelkot ya fi siranta kuma nan ake ƙone shi.

Layin nan mai ruwan ƙasa da ke zagaye jirgi daidai bakin ruwa, sabulu ba ya fitar da shi ko za ka wuni kana dirza. Asid oksalik ke cire shi: giram 50 zuwa 100 a lita ɗaya na ruwan ɗumi, a shafa, a bari minti 5 zuwa 10, a ɗauraye sosai. Sa safar hannu da tabarau. Jiƙa tirela da ruwa kafin ka fara, don asid ɗin yana cin rufin tutiyar da ke jikinta, kuma wurin da ka wanke sai an sake masa kaki.

Ƙarafunan sitenles su ma suna tsatsa a nan, musamman masu lamba 304. Na ruwan gishiri 316 ne, shi za ka nema duk lokacin da za ka sayi noti ko ƙusa. Kada ka kuskura ka goge su da sosan ƙarfe na kicin, ɓurɓushinsa zai maƙale, bayan kwana biyu ka ga ɗigon tsatsa ko'ina har kan faiba.

Kujeru kuwa funfuna ce matsalarsu, daga Mayu zuwa Oktoba. Ruwan sabulu, sannan binega kashi ɗaya cikin ruwa kashi uku, a shanya a inuwa mai iska. Bilic irin su Jik da Hypo yana fitar da baƙin tabo nan take, shi ya sa ake son sa, amma yana cin zaren ɗinki, ledar kuma ta bushe ta tsattsage. In ya zama dole, a tsinka shi sosai a ɗauraye nan da nan, kuma har abada ba a haɗa shi da binega ko wani asid, hayaƙin da ke tashi guba ne. A jingine kushin a tsaye, a bar akwatuna a buɗe, tamfol kuma a ɗaga tsakiyarsa da sanda ya yi tozo, a bar masa kafar shan iska gaba da baya. Da hunturu ƙura ce ke sauka. A ɗauraye ta da ruwa, kada a share ta a bushe daga gilashin roba, za ta karce shi.

Leda, farfela da man giya

Duk mai tuƙi a tafkin Legas zai gamu da leda. Alamarta ƙararrawar zafi ta yi kuka, ko fitsari ya ɗauke, ko inji ya rage gudu da kansa. Sauke wuta, sa firi, kashe, ɗaga inji, cire ledar daga ramukan shan ruwa. Ka ba shi 'yan mintuna ya huce, ka tayar, ka ga fitsari ya dawo kafin ka ci gaba. Injin da ya yi zafi sau ɗaya, a buɗe famfonsa a duba ko da ya koma aiki daidai. Daga ƙarshen damina, lokacin da kainuwa ke rufe hanyoyin Ikorodu da Badagry, kada ka kutsa cikinta da gudu, ƙarƙashinta akwai itace da igiyoyi.

Abin da ya fi leda ɓarna shi ne wanda ba a gani: zaren koma da igiyar masunta da ke naɗewa a bayan farfela. Yana shigewa ya yanke sil ɗin da ke tsare man giya, ruwa ya shiga, haƙoran giya su fara cin juna. Don haka sau ɗaya a wata a cire farfela. Zare makullin inji, cire fil ɗin da ke riƙe noti, sa guntun katako tsakanin farfela da farantin da ke samanta don kada ta juya, kwance noti. Jera wasoshin a ƙasa yadda suka fito. Cire zaren da ka tarar, goge sandar da farfela ke zama a kai, shafa giris na ruwa, mayar da komai. Washan nan mai kauri da ke can baya shi ne farkon shiga; in aka manta shi farfela za ta ci gidan giya. Fil sabo ake sawa kowane lokaci. Farfelar da ba a taɓa cirewa ba tsawon shekara a ruwan gishiri takan manne da sanda, sai an sa wuta ko an yanka ta.

Man giya ana canza shi duk awa 100 ko shekara, wanda ya riga zuwa, kuma a Legas gara duk wata 6. Inji a tsaye, kwano a ƙasa. Kwance ƙusar ramin mai ta ƙasa, sannan ta sama don iska ta shiga man ya zubo. Tsaya ka kalle shi da kyau. Mai lafiya ruwan zuma ne ko ya ɗan yi duhu. In ya fito kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga, sai a canza sil kafin a sake shiga ruwa, canjin mai kaɗai ba ya magani. Ƙusar ƙasa tana da maganaɗisu a yawancin injuna: baƙin gari mai laushi a kanta ba komai, amma ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji aikin makaniki ne. Sabon mai, lamba 90 na giyar jirgi, ta ramin ƙasa ake tura shi har ya ɓullo ta na sama. Rufe na sama tukuna, sannan ka zare bututun ka rufe na ƙasa da sauri. In aka ɗura ta sama iska ce ke tarewa a ciki, ka ɗauka ya cika alhali rabi ne. 'Yan wasoshin ƙusoshin biyu sababbi ake sawa, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma ta nan ruwa ya fi shiga.

Imfela kuwa, ko littafi ya ba ta wa'adi mai tsawo, yashin Ilashe da lakar tafki ba su san da wannan ba. A canza ta duk shekara, da farantinta da gasket gaba ɗaya. Ana sauke ƙafar inji ne, kuma galibi akwai noti ɗaya ɓoye ƙarƙashin ɗan fiffiken da ke saman farfela, wanda bai sani ba sai ya yi ta dukan ƙafar a banza. Wajen mayar da gidan famfo a riƙa juya sandar da ta ratsa famfon ta hannun dama, yadda agogo ke tafiya, don fukafukan su kwanta ta fuskar da ta dace. A kula da ɗan ƙaramin makullin da ke riƙe imfela da sanda. In tsohuwar ta fito babu fiffike ɗaya, sai an nemo guntun, don yana can cikin hanyar ruwa yana jiran ranar da zai toshe ta.

Mai

Injin da ake haɗa wa mai da fetur, irin Yamaha Enduro, awonsa 50 da 1 ne: mililita 20 a kowace lita, wato rabin lita a tankin lita 25. Man ya zama mai alamar TC-W3. Baƙin man mota ko na babur yana barin toka a filogi da fistin. A auna da kwalba mai layi, ba da ido ba. Inji mai zagaye huɗu kuma, wanda ba a haɗa wa mai da fetur, ana juye masa baƙin mai da filta bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100 ko shekara.

Fetur shi ne abin da ya fi tsayar da jirgi a tsakiyar ruwa. Wanda aka saya a jarka yakan zo da ruwa da datti, kuma masu injuna ba su manta da fetur mai yawan metanol da ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022 ba. Ko mai kyau ne, tankin da ke rabi yana yin gumi a ciki saboda laimar Legas. Saboda haka a sa filta mai raba ruwa da fetur, mai maikuron 10 (awon ƙanƙantar ramukanta ke nan), tsakanin tanki da inji. Kafin kowace fita a duba kofinta na ƙasa, ruwa yana kwanciya a gindi a gan shi sarai, a tsiyaye. A canza ta duk awa 50 zuwa 100, a ajiye wata a jirgi tare da filogi da sufanar kwance su. Matsa ƙwallon famfon fetur: in bai yi tauri ba, ko ya tsattsage, iska na shiga layin. Filogi mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa ne. Baƙi mai maiƙo yana nuna mai ya yi yawa, fari fat kuma inji na zafi ko fetur bai isa ba.

Anod da gindin jirgi

Anod guntun ƙarfe ne da aka ɗaura wa inji domin gishiri ya ci shi ya bar alminiyom ɗin inji. Akwai a saman farfela, akwai ƙarƙashin maƙalin inji, wasu kuma suna cikin inji. Iri uku ne: tutiya ta ruwan teku, magniziyam na ruwan daɗi, alminiyom kuma yana aiki a gishiri da zartsi duka. Na ukun ne ya dace da Legas, domin tutiya in ta daɗe a ruwan damina takan yi farin ɓawo ta daina aiki. Anod da ya shekara yana nan sumul ba abin murna ba ne, wani wuri ake ci a madadinsa. A canza shi in ya kai rabi, kada a gauraya iri biyu, a kankare mazauninsa ƙarfe ya taɓa ƙarfe, kuma ba a yi masa fenti ko giris.

Jirgin da ke kwana kan tirela ba ya buƙatar fentin gindi, wato fentin da ke hana halittun ruwa mannewa. Wanda ke zaune a ruwa kuwa, cikin 'yan makonni gansakuka za ta kama shi, da rani kuma banakul, 'yan halittun nan masu ɓawo mai kaifi, su manne. Gudu ya ragu, shan mai ya ƙaru. A fitar da shi a wanke da injin feshi tun yana jiƙe, don in suka bushe sai da makankara. A goge da samfefa mai lamba 80 a jiƙe, saboda ƙurar fentin guba ce, da takunkumi da safar hannu. Lissafin fenti: tsawo sau faɗi sau 0.85. Jirgi mai mita 7 da faɗin 2.5 ya ba da kusan murabba'in mita 15. Shafi biyu 30 ke nan, wato lita 3 zuwa 4, da ƙarin shafi na uku a bakin ruwa. Yawancin fentin yana ɗauke da jan ƙarfe, shi kuwa ba ya jituwa da alminiyom, don haka kada ya taɓa ƙafar inji, a bar tazarar santimita 2 zuwa 3 kewaye da maƙalinsa. In ka ga ƙuraje a jikin faiba masu fitar da ruwa mai tsami in an fasa, ruwa ya ratsa jelkot. A buɗe su, a wanke, a bari su bushe ƙarau na makonni kafin a cike da ifoksi, wani gam mai ƙarfi.

Batir da ruwan sama

Jirage da yawa da ke nutsewa a bakin jeti ba igiyar ruwa ke nutsar da su ba, ruwan sama ne da mataccen batir. Milimita ɗaya na ruwan sama a murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Buɗaɗɗen jirgi mai faɗin murabba'in mita 14, in aka yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a Yuni da Yuli, ya sha lita 700, nauyin kilo 700 ke nan, kuma duk baya yake gangarawa inda inji ya riga ya danne. Kowane mako a ɗaga ɗan maɓallin famfon kwashe ruwa da yatsa a ji ya tashi, a cire gashi da yashi da ledar alewa daga rariyarsa, a share ramukan da ruwan daɓe ke fita. Wayar famfon kai tsaye take zuwa batir ta kan fiyus, don ya yi aiki ko an kashe babban makunni.

Batir cikakke yana nuna bolt 12.6 a mita, 12.2 rabi ne, in inji na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. Farin gari ko kore a kan batir, a wanke da bekin soda cokali ɗaya a kofin ruwa, a goge, a ɗaure da sufana, a shafa giris. Wayar nagatif ake fara cirewa, ita ake mayarwa ƙarshe. Wayar gida ba ta shekara a jirgi, ciki take yin baƙi ta ruɓe. A nemi mai rufin kuza.

A kan tirela kuwa a cire toshiyar baya, a ɗaga hancin jirgi ruwa ya tsiyaye, a rataye toshiyar a sitiyari don kada a koma ruwa babu ita. Ita ma tirelar a ɗauraye ta, a riƙa cusa wa boris ɗin tayoyinta giris. Rigunan kariya daga nutsewa, da hukumomin kula da hanyoyin ruwa LASWA da NIWA suka wajabta wa duk wanda ke cikin jirgi, a ɗauraye su da ruwan daɗi a shanya a inuwa. Wadda igiyarta ta ruɓe ko sosonta ya ƙanƙance a jefar.

In za a yi doguwar tafiya

Wanda zai tafi gida Arewa hutun Sallah, ko zai bar jirgi fiye da wata guda, ya fi masa ya fitar da shi daga ruwa. A ɗauraye inji, a canza man giya kafin ajiya don kada ruwan da ya shiga ya zauna yana tsatsa, a cusa giris a duk nonon giris, wato kafar da ake tura shi ta ciki, na maƙali da sandar sitiyari. A kwance 'yar ƙusar da ke gindin kafireta fetur ya tsiyaye, in ba haka ba zai bushe ya bar danƙo a jet, wato ƙananan ramukan da fetur ke bi, ka dawo inji ya ƙi zama a silo. Ƙaramin tanki a juye shi a mota ko janareta in ba a haɗa masa mai ba. Babban tanki na cikin jirgi a cika shi a zuba maganin hana fetur lalacewa. A cire murfin inji a fesa man hana tsatsa sama-sama, ban da kan bel, a mayar. Inji ya tsaya a tsaye don ruwan cikinsa ya sauka. Batir a cire shi a kai inuwa, a bar wa wanda ke gida saƙon ya yi masa caji sau ɗaya a wata, ya kuma zubar da ruwan da ya taru kan tamfol bayan kowane ruwan sama.